Filin Gwaggo: Na san ba ranarmu ba ce, to me ya sa nake kwana da haushi?

TAMBAYA

Assalamu alaikum Gwaggo. Ya sanyi, ya jikoki? Na daɗe ina karanta wannan fili, ban taɓa zaton ni ma zan kawo tawa ba, don abin da ke damuna ko aminiyata ina jin nauyin faɗa mata.

Shekarata 35, aurena shekara 13, 'ya'yana huɗu, a Mabera muke zaune. Maigidana ɗan kasuwa ne, albasa yake lodi zuwa Kudu. Tsakani da Allah bai rage ni da komai ba. Ci da sha, sutura, kuɗin makarantar yara, ko asibiti ne ba ya jira sai na roƙa.

Damuwata 14 ga Fabrairu ce, ranar da ake kira ta masoya, wato Valentine ko "Val". A 2002 na shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare a wata makarantar kuɗi da ke haɗa maza da mata. In ranar ta zo, monita zai samo kwalin Indomie ya tsaga samansa, kowa ya jefa katinsa, lokacin tara a buɗe a riƙa kiran suna ana tafi. Shekara biyu ina zaune ina kallon allo, ba a kira ni ba. A ta uku aka kira ni. Kati ne mai jan zuciya da alewa ɗaya a manne. Na ɓoye shi cikin littafin lissafi, Yayana ya gani ya kai wa Baba, ranar na sha bulalar da har yau in na tuna sai bayana ya amsa.

Yanzu na girma, na ji abin da malamai suka ce, na yarda, har ni nake faɗa wa ƙannena. Amma Gwaggo, duk shekara in na buɗe WhatsApp na ga an saka kek, an saka turare, an saka furen da aka naɗe da sababbin 'yan dubu-dubu, sai wani abu ya tokare mini ƙirji. Maigida ya dawo da warin albasa a rigarsa ya ce a kawo abinci, in dire masa ina ɗaure da fuska. Ya ce lafiya? In ce lafiya lau. Da dare kuma in kama istigfari.

Bana abin ya ƙaru. Ina wanke jakar babbar ɗiyata, shekararta 11, sai na tarar da takarda an yanke ta kamar zuciya, an cike ta da jan biro, an rubuta "Val" ba suna. Har na ɗaga murya zan kira ta, sai bulalar Baba ta faɗo mini. Takardar tana ƙarƙashin katifata yau kwana tara.

Shin ni munafuka ce? In faɗa wa maigida? Yarinyar kuma ya zan yi da ita?

Ɗiyarki, daga Mabera, Sakkwato.

AMSA

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sanyi ya fara ja da baya, sai ƙura ta rage mana. Jikoki suna nan suna ƙarar mini da sukari.

Sau biyu na karanta wasiƙarki. A na biyun na cire tabarau na yi dariya, kuma kaina nake wa, domin wurin mai ƙwace katunan kika kawo ƙara. Shekara 27 na yi ina koyarwa, 11 daga ciki ni ce mai kula da ɗakunan kwana a wata makarantar 'yan mata, kuma duk tsakiyar Fabrairu sai na cika leda da kati.

Maganar munafunci ki sauke ta tun nan. Mai azumin da ya bi ta gaban mai tsire da la'asar yawunsa ya tsinke, ya haɗiye ya wuce, ba a ce masa munafuki. Ranki ya biya, hankalinki ya hana. Abin da kawai zan ja miki kunne a kai shi ne dire kwano gaban mutumin da bai san laifinsa ba. Za mu zo wurin.

Wata shekara, wajen ƙarshen shekarun 1990, na bi ɗakuna bayan sallar isha'i na tattaro kati sun fi talatin. Wasu na kanti ne masu ƙyalli da 'yan jeka-ka-dawo suka shigo da su, wasu na hannu. Ina zaune gaban fitila ina dubawa don in san waɗanda zan kai wa shugabar makaranta, sai na ci karo da wani da aka yago daga tsakiyar littafin rubutu. An zana fure da jan biro, an rubuta sunan wata yarinya 'yar aji biyu, a ƙasa an sa sunan namiji. Ni nake koya wa ajinsu Hausa, na san yadda kowacce ke ja wa "g" wutsiya. Rubutun yarinyar ne. Ita ta rubuta wa kanta.

Na aika aka kira ta. Ta tsaya bakin ƙofa tana murɗa gefen hijabi, idonta na kan bulalar da ke kan tebur. Na ce wa ya ba ki? Shiru. Na ce rubutun wa ne wannan? Sai hawaye. Da ƙyar ta buɗe baki ta ce, "Malama, kowa ya samu." Daga nan ba ta ƙara ko kalma ba. Yarinya ce mai ƙoƙari, daga ƙauye aka kawo ta, ranar ziyara ma ba kullum ake zuwa mata ba. Ba saurayi take nema ba, sunan da ta sa ma na ƙanenta ne. So take kada ta kwanta ita kaɗai hannu wofi alhali sauran suna karanta nasu ƙarƙashin bargo da tocila. Na haɗa mata shayi, na yanka mata burodi, na ce ta je ta kwanta.

Abin da ya hana ni ɗaga bulalar nan a daren, na san irin wannan tsayuwa ta bakin ƙofa. Mu a ƙuruciyarmu ba mu san wani Valentine ba, sai da na shiga kwalejin horon malamai na fara jin sunan a bakin 'yan Kudu. Amma muna da namu kwalin, shi ne toshin Sallah. Ana saura kwanaki za ki ga ƙannen samari suna shiga gidaje da faranti a rufe: turmin atamfa, ɗankwali, takalmi, hoda, man shafawa, kwalbar Bintu Sudan, goro. Ranar Sallah in an sauko daga Fakon Idi mu jeru wajen Ƙofar Sarki wai kallon Sarkin Musulmi Abubakar da dawakinsa, nan kuwa zanen juna muke kallo, ana raɗa wa ya kawo wa wance. Babbar Sallar 1979, wata ɗaya da rantsar da Shagari, shekarata 14, doguwa siririya kamar sillen kara. Faranti ya shiga gidan dama da mu, ya shiga na hagu, namu ko leƙe. Na ce ciwon kai nake, ba za ni kallon hawa ba. Inna mai sayar da fura ce, ba ta tambaye ni komai ba. Ta kwance bakin zanenta ta fita, ta dawo da 'yan kunne da ƙaramar kwalbar turare ta aje mini. Ta ce, "In anka tambaye ki, ki ce an kawo. Ba ki yi ƙarya ba, ni na kawo."

Kin ga ke nan ciwon ya girmi Fabrairu. Zaman nan ne da kika yi kina kallon allo ana kiran sunan wasu. Kin baro makarantar tuntuni, kwalin ya biyo ki cikin waya, kuma wannan monitan ba ya tashi tara, tun asuba yake kiran suna har tsakar dare.

Ita kanta ranar, tunda kina faɗa wa ƙannenki, gara ki san asalinta. Valentine sunan wani malamin Kirista ne da aka kashe a Rum a ƙarni na 3, ana cewa zamanin sarki Kalaudiyos na biyu. Labarin da ake yaɗawa wai yana ɗaura wa sojoji aure a ɓoye, hikaya ce da aka ƙara daga baya. A shekarar 496 Fafaroma Gelasiyos ya sa 14 ga Fabrairu ta zama ranar tunawa da shi, kuma a lokacin babu ruwanta da saurayi da budurwa. Sai a ƙarshen ƙarni na 14 mawaƙan Ingila suka fara danganta ta da soyayya, wai a ranar ne tsuntsaye ke zaɓen abokan zama. Da aika wasiƙa ya yi arha a Ingila daga 1840, masu buga kati suka samu kasuwa, masu cakulan da masu fure suka bi sahu. A 1969 cocin Katolika ma ta cire ranar daga babbar kalandarta, don abin da aka tabbatar game da mutumin kaɗan ne. Yau jiragen sama ne ke kwasar jan fure daga gonakin Naibasha a Kenya zuwa Turai saboda kwana ɗaya tak. Maigidanki ya fi kowa gane wannan, kaka ce, kamar ta albasa.

Malamanmu sun yi magana, ba ni da abin ƙarawa. Hujjarsu sananniya ce: Manzon Allah (SAW) ya iso Madina ya tarar suna da ranaku biyu na wasa, ya ce Allah Ya musanya musu da waɗanda suka fi, Sallar azumi da ta layya. A kan haka nake, a kan haka na tarbiyyantar da nawa. Maƙwabtanmu Kirista da ke yin abinsu kuwa ba na harararsu, akwai wadda muka yi aiki tare shekara da shekaru, ranar takan sa jan ɗankwali mijinta ya zo ɗaukarta a Vespa, mu yi ta tsokanarta.

Abin da kike gani a waya kuma, ki rage masa kashi biyu cikin uku. Na san wadda ta yi odar kek da kuɗin adashinta ta rubuta "na gode maigida" ta saka, shi kuwa yana Illela bai ma san an yi ba. Ɗalibata ce dai ta girma ta samu data. Furen kuɗin nan da ke tokare miki ƙirji ma laifi ne a doka: dokar Babban Bankin Najeriya ta 2007 ta tanadi ɗaurin aƙalla wata shida ko tarar aƙalla naira 50,000 ko duka biyun ga mai wulaƙanta naira, kuma bankin ya sha faɗa cewa naɗe ta a yi fure yana ciki. Ranar ki kashe data ki dafa abin da kike so. Ba rashin jarumta ba ne.

To, ga inda zan saɓa da wasu. Na san in kin kai wannan magana gaban manya za a ce miki, miji yana ciyar da ke yana tufatar da ke, ki gode Allah ki yi shiru. Godiya wajibi ce. Shirun ne ban yarda da shi ba. Abin da ranki ke so, a tuna da ke, a riƙo miki wani abu da ba na cefane ba, a faɗa miki magana mai daɗi, ba Turawa suka ƙirƙiro shi ba. Amru ɗan Asi ya tambayi Manzon Allah (SAW) wa ya fi so cikin mutane, ya ce A'isha, bai ɓoye ba, bai yi kara ba. Ya ce ku yi wa juna kyauta za ku so juna. Ya ce mafi alherinku shi ne mafi alheri ga iyalinsa. A garin nan namu, Nana Asma'u 'yar Shehu, da iliminta da matsayinta, da mijinta Waziri Giɗaɗo ya rasu waƙar makoki ta rubuta masa, ba ta ji kunyar a san ta yi rashi ba. Kunyar da ke hana namiji ce wa matarsa kin yi kyau, tamu ce ta gado, kada a jingina wa addini.

Sai dai namiji ba ya duba. Ni shekara tara na yi ina jiran Malam ya gane da kansa. Kullum ya dawo ya miƙo kuɗin cefane cif, ba ragi ba ƙari, in karɓa in ce an gode, in shiga ɗaki ina ƙunƙuni. Wani dare yana alwala a tsakar gida ina riƙe masa fitila, na ce, "Malam, tun da anka kawo ni gidan ga ba ka taɓa riƙo min wani abu ba don kawai ka tuna da ni." Ya tsaya da buta a hannu, ya dube ni kamar na yi masa Faransanci. Ya ce, "To ai ba ki ce ba." Wallahi haka ya faɗa, kuma iyakar gaskiyarsa ke nan. Washegari sai ga shi da kaya a leda yana murmushi. Na buɗe: filas ɗin ruwan zafi. Na rasa kuka zan yi ko dariya. Na yi godiya har ƙasa, don mutumin ya zagaya kasuwa saboda ni, abin da bai taɓa yi ba. Bayan sati biyu na ce masa ni fa kilishi nake so, mai yaji, da turaren wuta in an samu na Barno. Tun daga nan har yau, in ya fita ya dawo, sai ya ajiye ƙunshin takarda mai maiƙo a kan tabarmar sallata ya wuce bai ce komai ba. Baki dai har yanzu bai buɗe ba, na haƙura da wannan. Filas ɗin yana nan, murfin ne kawai aka canja.

Don haka ki faɗa masa, amma ki iya. Kada ki yi maganar a Fabrairu, kada sunan ranar ma ya fito bakinki, in ba haka ba zancen zai koma fatawa, shi ya yi nasara ke ki kwana da haushi. Kada ki ce mijin wance ya yi wa wance, ba namijin da ke jin wannan ya yi laushi. Kuma ki duba kasuwa. Yanzu kakar albasa ce, sabuwa ta cika ko'ina, farashi ya faɗi, kuɗinsa duk suna cikin buhu a kan tirela, hankalinsa na kan hanya. Ki bari ya dawo daga Kudu ya huta, ya yi wanka ya ci ya ƙoshi. Sannan ki ba shi labarin kwalin Indomie kamar hira, har da bulalar. Mutumin da ke kai ki asibiti ba sai kin roƙa ba yana da tausayi, hanyar ce ba a nuna masa ba. Ki ambaci abu ɗaya ƙarami da sunansa, wanda zai iya saya a tasha. In kika ce "komai ma", ki shirya karɓar filas. Ke ma ki riga shi: hula ɗaya ko kwalbar turare a aljihun rigar tafiyarsa ba za ta karya ki ba. Kuma ki nemi afuwar kwanon da kike direwa, ko da cikin wasa ne.

Saura yarinya, kuma ita ce ta fi gaggawa, kwana tara ya yi yawa. Ta san takardar ta ɓata, ta san wa ke wanke jaka, tana nan tana jiran ranar da za a kira ta. Kin yi daidai da kika haɗiye kiran nan. Ki tambayi kanki abin da bulalar Baba ta koya miki, Allah Ya saka masa da alheri, da niyyar gyara ya yi. Ba ta cire miki son katin ba, ga shi shekara 20 kina ɗauke da shi. Ɓuya ta koya miki. A ɗakunan kwana na ga haka ba sau ɗaya ba: wadda aka daka a aji biyu, in ta kai aji biyar ba ka ƙara kama ta da komai, ba kuma don ta daina ba.

Ki zaunar da ita kitso, ku biyu, ba babanta ba ƙannenta. Yaro ya fi sakin baki in ba a kallon idonsa. Kina tsaga kina ba ta labarinki, ki fara da shekaru biyun da ba a kira ki ba. Sannan ki ce kin ga takardarta, kuma ta iya zane. Ki yi shiru ki ji. Takardar da ba suna tana iya zama ta ƙawa, tana iya zama wadda aka rasa wanda za a ba, tana iya zama ma an ce kowa ya yi a aji. In makarantar ce ke sa yara su zo da jan kaya, wannan maganar manya ce, ki je ki samu shugaba cikin mutunci. Bayan ta gama nata, sai ki faɗa mata dalilin da ya sa mu ba ma yin wannan rana, da harshen da 'yar shekara 11 za ta gane.

Abin da nake tsoro ba jan biro ba ne. Nan da shekara uku ko huɗu, akwai masu motar da ke fakawa nesa kaɗan da ƙofar makaranta a irin wannan rana, da leda mai waya a ciki. Na raka iyaye kuka a kan wannan fiye da yadda nake son tunawa. Ki yi mata alƙawari tun yanzu, duk wanda ya ba ta wani abu, babba ko yaro, ta kawo miki ku buɗe tare, ba duka ba zagi. In kin yi alƙawarin kuma ki cika, ko da abin da ke cikin ledar ya sa jikinki rawa. Sallah in ta zo, ki saya mata 'yan kunne daga ke, daban da kayan Sallar da ake ɗinka wa kowa.

Takardar ki ciro ta daga ƙarƙashin katifa ki mayar mata, kayanta ne. Ni nawa na leda, da na yi ritaya na tara su bayan gida na cinna musu ashana. Ɗaya na tsame. Yana cikin akwatin ƙarfe tare da takardun fanshona, jan biron ya koma ruwan ƙasa.

Gwaggonku.